Farfaɗiya: Ciwon Da Muke Gudu Alhali Yana Da Magani



Ina aji huɗu a firamare aka kawo mana wata yarinya daga wani gari, an yi wa mahaifinta canjin wurin aiki. Ba zan faɗi sunanta ba, don wataƙila tana raye, wataƙila ma tana jin muryata yanzu. Duk ajin nan babu wanda ya kama ƙafarta a lissafi. Wata rana da hantsi muna tsakiyar darasi, sai muka ji ta yi wata irin ƙara, ta sulale daga kan benci. Jikinta ya sandare, sannan ta kama jijjiga, kumfa na fita ta gefen bakinta. Kafin ka ce kwabo aji ya watse, wasu ta ƙofa, wasu ta taga. Ni ta taga na bi, har na bar takalmina ƙafa ɗaya. Ba abin da kake ji sai, "Kada yawunta ya taɓa ka!" Malaminmu ya tsaya a bakin ƙofa yana ta salati, ya kasa matsawa. Wani dattijo ya rugo da cokali ya cusa mata a baki, wai kada ta haɗiye harshenta, ya ɓalle mata haƙorin gaba.

Da ta farfaɗo, sai ta ga ta jiƙa kayanta, ga idanu cike da taga ana leƙenta. Ta ja ɗankwali ta rufe fuska. Washegari aka ware mata benci ita kaɗai a ƙuryar aji, aka hana ta shan ruwa da moɗar randarmu. Ba ta ƙara mako biyu ba ta daina zuwa.

Shekaru masu yawa sun wuce kafin na gane cewa jijjigar da ta yi ba ta fi ta minti biyu ba, kuma ta wuce ba ta bar mata komai ba sai gajiya. Haƙorin, da kunyar, da karatun da ta rasa, duk mu muka yi mata su. Shi ya sa yau na ce mu zauna mu yi maganar farfaɗiya.

Mu fara da yawun. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa. Ba a ɗaukarta ta yawu, ba a ɗaukarta ta numfashi, ko ta fitsari, ko ta cin abinci a kwano ɗaya, ko ta kwanciyar aure, ko don ka tsallake inda mai ita ya faɗi. Babu wata ƙwayar cuta a cikin kumfar nan da za ta sa maka wannan ciwo. Yawu ne kawai da mutum ya kasa haɗiyewa, numfashi ya kaɗa shi ya yi kumfa. Likitoci da ma'aikatan jinya kullum suna goge shi da hannunsu, da ana ɗauka da tuni sun ƙare.

To me ke kawo ta? Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma da 'yar wutar lantarki suke aika wa juna saƙo. Ɗaga hannu, tuna sunan aboki, jin ƙanshin miya, duk da wannan wuta ake yinsu. Kowa ya san yadda wutar gida kan zo da ƙarfi wani lokaci, ƙwai ya yi haske fau, fanka ta kama gudu kamar za ta tsinke, firiji ya yi ta gurnani, sannan komai ya lafa. Haka take faruwa a kan mai farfaɗiya. Wasu ƙwayoyin sukan saki wuta gaba ɗaya ba tsari, na ɗan lokaci, sannan abin ya kwanta. Tun a 1924 wani likita Bajamushe mai suna Hans Berger ya fara auna wannan wuta a kan ɗan Adam, kuma na'urar da ta samo asali daga aikinsa, wadda ake liƙa wa mutum wayoyi a fatar kai, tana nan a manyan asibitocin koyarwa na ƙasar nan.

Inda wutar ta tashi, shi ke nuna kamar da ciwon zai zo da ita, kuma a nan ne muka fi ruɗewa. Mu faɗuwa da jijjiga kaɗai muka sani. Alhali akwai yaron da zai yi tsit yana tsakiyar magana, ido a kafe, na 'yan daƙiƙoƙi, sai ya ci gaba kamar ba a yi ba. Yana iya yin haka sau da yawa a yini. A makaranta a ce ba ya mai da hankali, a gida a ce shashasha ne, bulala ta yi ta aiki a kansa. Akwai wanda ba zai faɗi ba, sai dai ya kama taune baki, yana tsinkar rigarsa, ko ya miƙe ya kama tafiya, a yi ta kiransa ba ya amsawa, in ya dawo hayyacinsa bai san ya yi ba. Akwai wanda kafin abin ya zo sai ya ji wani wari da ba wanda ke ji, ko ya ji wani abu na taso masa daga ciki zuwa ƙirji, ko tsoro ya lulluɓe shi ba dalili. Ka ji mutum ya ce yana jin warinsu kafin su zo, nan take jama'a sun yanke hukunci, mutanen ɓoye ne. Nan kuwa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da wari da tsoro ne wutar ta fara taɓawa, a gefen kai, daidai saitin kunne. Wannan alama ma alheri ce, don takan ba mutum damar ya nisanci wuta ya nemi wuri ya kwanta.

Dalilanta kuwa, da yawansu a gabanmu suke faruwa. Doguwar naƙuda a gida, jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba, iska ba ta isa ƙwaƙwalwarsa ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, yaro ya yi kwanaki a sume. Sanƙarau, wanda duk wanda ya yi wayo a 1996 zai tuna ɓarnar da ya yi a arewa, shekarar da ya kama fiye da mutum dubu 100 a Najeriya, ya kashe fiye da dubu 11. Cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda ya bar wa kurumta, akwai waɗanda ya bar wa farfaɗiya. Sai buguwar kai, ɗan acaɓa ya faɗi ba hular kwano, tabon ya zauna a ciki, bayan watanni ko shekaru jijjiga ta fara. Sai shanyewar ɓarin jiki ga manya, da ƙari a ƙwaƙwalwa. Akwai kason da ke da nasaba da gado, akwai kuma kusan rabin masu ciwon da ko an bincika ba a gano dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na farfaɗiya ana iya hana aukuwarsa, wato awon ciki, haihuwa a hannun ƙwararru, gidan sauro, rigakafi da hular kwano duk maganin farfaɗiya ne tun kafin ta zo.

Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne ke da wannan ciwo a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki. Amma lissafin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: mutum bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa gaba ɗaya in an gane ciwon aka ba su maganin da ya dace. Bakwai cikin goma, jama'a. Kuma maganin ba sabo ba ne. Finobabiton tun 1912 ake ba masu farfaɗiya shi, tun kafin a haɗe kudu da arewa a kira su Najeriya, kuma har yau yana cikin magunguna mafi araha. Ga kabamazafin, ga sodiyam balfuret, ga wasu sababbi. Duk da haka, a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu na masu ciwon ba sa samun magani.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa yanzu. Yana cewa, malam, kana so ka ce babu aljanu ke nan? Ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba. Amma ina tuna mana cewa malamanmu na farko ba su kwashe komai sun jibga wa aljanu ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya kasa faɗuwa gida biyu, ya ce akwai wadda asalinta daga jiki ne, kuma ita likitoci ke magana a kan dalilinta da maganinta. Ibnu Sina ma ya yi mata babi a littafinsa na likitanci, a cikin cututtukan kai. Sannan ga labarin matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kai kukanta. Ba a gudu daga gare ta ba, ba a ware ta ba, kuma da ta koka cewa jikinta kan buɗe in ta faɗi, addu'a aka yi mata a kan suturarta. Har bayan haka Ibnu Abbas yana nuna ta a matsayin 'yar Aljanna. Mu kuwa wayar salula muke zarowa mu ɗauki hoton wadda zaninta ya kunce.

Ba wanda ya hana ka addu'a. Yi tofi, yi sadaka, tashi cikin dare ka roƙi Mai sama. Abin da nake ƙi shi ne a ce sai ɗaya, ko addu'a ko ƙwaya. Na ga gidan da aka sayar da akuya, aka sayar da gona, aka yi shekara bakwai ana yawo daga mai magani zuwa mai ruƙiyya, ana turara wa yaro hayaƙi har idonsa ya yi jawur, ana dukansa da sunan dukan aljani. Ranar da aka kai shi asibiti ƙuna ce ta kai shi, ya faɗa murhu ya ƙone hannu. Ma'aikaciyar jinyar da ke wanke ƙunar ita ta tambayi yadda aka yi, ta tura su wurin likita. Kuɗin ƙwayar da aka rubuta masa na wata guda bai kai kuɗin zakaran da wani boka ya karɓa a zama ɗaya ba. Faɗuwar ta tsaya. Yatsunsa biyu dai sun riga sun manne.

Wani lokacin abin ya wuce hayaƙi ya kai ga mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa cikin Kaduna suka fito da maza da yara fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa. Daga nan aka yi ta bankaɗo irinsa a wasu garuruwan. A irin waɗannan wurare akan tara kowa da kowa, ɗan shaye-shaye, da mai taɓin hankali, da wanda iyaye suka gaji da shi, duk magani ɗaya, ɗauri da duka. Tsohuwar dokarmu ta 1958 ma kallon abin tsarewa take yi wa mai ciwon ƙwaƙwalwa. Sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta amince cewa majiyyaci ne mai haƙƙi. Doka dai ta samu. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, don haka in an ce sai an ga ƙwararre a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Kware ko Dawanau ko Maiduguri, mutumin ƙauye zai daɗe bai ga kowa ba. Farfaɗiya ta yau da kullum ciwo ce da ya kamata a iya ganewa a fara maganinta a babban asibitin ƙaramar hukuma. Tun a 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa ana iya jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa suna zaune cikin ƙauye tare da danginsu, har ma ya jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. Abin da aka iya shekara saba'in da suka wuce bai kamata ya gagare mu ba.

Yanzu ga abin yi in mutum ya faɗi a gabanka, kuma ina roƙon a kira yara su ji wannan.

Kada ka gudu. Duba agogo ko waya ka riƙe lokacin da abin ya fara. Janye duk abin da zai ji masa rauni, wuta, tukunya, wuƙa, dutse. In a kan titi ne, tare ababen hawa. Naɗe riga ko ɗankwali ka sa masa a ƙarƙashin kai, ka sassauta abin da ya shaƙe wuya. Kada ka danne shi, jijjigar ba ta tsayawa don an danne, sai dai a goce masa kafaɗa. Kada ka sa masa komai a baki, ko cokali, ko tsinke, ko yatsanka. Mutum ba ya haɗiye harshensa, a manne yake ta ƙasa. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko manja, don huhu za su tafi. Kada a kara ƙafarsa a wuta, kada a matsa masa albasa a ido, kada a yi masa hayaƙi. Da jijjigar ta lafa, juya shi ya kwanta a gefe ɗaya don yawu ya zube. Rufe masa jiki, kori 'yan kallo. Zauna da shi har ya dawo daidai, don zai tashi a ruɗe, a gajiye, wani ma da faɗa. Ka gaya masa a hankali inda yake da abin da ya faru.

Yawanci cikin minti ɗaya zuwa uku an gama. In ta haura minti biyar, ko wata ta biyo wata bai farka a tsakani ba, ko ya ji mummunan rauni, ko a ruwa ya faɗi, ko wannan ne karo na farko, to asibiti maza-maza.

Kuma ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba. Yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar yakan yi jijjiga in zazzaɓi ya yi zafi, mafi yawansu suna girma su bar ta, amma a kai shi a duba abin da ya kawo zazzaɓin. Mai ciki ko mai jego da ta kama jijjiga, musamman in ta yi ta kukan ciwon kai, ƙafa da fuska sun kumbura, wannan hawan jinin masu ciki ne, yana kashe uwa da ɗa cikin sa'o'i. Ba a jiran gari ya waye, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa. Mai ciwon sukari in sukarinsa ya faɗi ƙasa yana iya jijjiga. Haka matashin da ya ɗirki tiramol, domin ƙwayar da kanta tana tayar da ita. Akwai kuma faɗuwar da damuwa da firgici ke kawowa, irin wadda akan ga 'yan mata na yi a jere a makarantun kwana. Ita ma ciwo ce ta gaske, ba iya shege ba, sai dai maganinta daban. Likita ne zai rarrabe, kuma da bakin wanda ya gani da ido yake aiki. A nan ne kaɗai nake goyon bayan ɗaukar bidiyo: ɗan gida ya ɗauka, ya nuna wa likita, ya goge.

Ga wanda aka riga aka ɗora a kan magani, babban kuskure ɗaya ne. Mutum ya yi wata uku bai faɗi ba, sai ya ce ya warke ya ajiye ƙwaya, ko wani mai magani ya ce masa na Bature ba ya haɗuwa da nasa. Yanke magani farat ɗaya yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda takan zama ajali. Ƙwayar tana aiki ne muddin tana cikin jini, don haka kullum ne, a kan lokaci. Sai an yi aƙalla shekara biyu ba faɗuwa likita kan duba ko za a rage a hankali, wasu su rabu da ita har abada, wasu kuma su ci gaba. A guji rashin barci. In azumi ya matso, a je a shirya lokutan sha da likita tun kafin a ga wata, in ya ce a sha ruwa a sha, addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Wanda faɗuwarsa ba ta tsaya ba kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya hau bishiya ko saman gini, kada ya je rijiya ko rafi shi kaɗai. Mace kuma kada a bar ta ita kaɗai a bakin murhu, ta sami mai taya ta.

Mata suna da ƙarin magana. Sodiyam balfuret yana iya illata ɗan da ke ciki, don haka duk wadda ke shekarun haihuwa ta gaya wa likita tun kafin ciki ya shiga a duba mata wanda ya fi dacewa. In kuma cikin ya riga ya shiga, kada ta yanke da kanta, ta je asibiti. Wasu magungunan kuma suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Ban da wannan, mafi yawan mata masu farfaɗiya suna haihuwar 'ya'ya lafiyayyu, su shayar da su.

Wannan ya kawo mu ga aure, inda ake yawan ɓoyewa. Ana tsoron kada manema su gudu, sai a yi shiru, a kai amarya ba ƙwayarta don kada ango ya gani. Ga hidimar biki, ga kwana uku ba barci, sai ta faɗi a makon farko a gaban dangin miji. Daga nan sai takarda, a ce an yi musu rufa-rufa, kuma gaskiya an yi. Ni a ganina gara a faɗa tun ana neman aure, a tafi da saurayin ya ji daga bakin likita. Wanda zai gudu ya gudu tun kafin a shafa fatiha.

Akwai kuma ciwon da ke bin bayan wannan, wanda ba ya kumfa balle a gani. Mutumin da aka cire daga makaranta, aka hana shi sana'a, aka ware masa kwano, ana kiransa da sunan ciwonsa, dole zuciyarsa ta karaya. Ciwon damuwa ya fi yawa a cikin masu farfaɗiya fiye da sauran jama'a. In ka ga ɗan'uwanka ya yi mako biyu ko fiye ba walwala, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, ya daina abin da ya saba jin daɗinsa, yana cewa gara ya mutu kowa ya huta, kada ka tsaya a "yi haƙuri" da "ka cika raunin imani". Zauna ka saurare shi, ka kawar da maganin ƙwari da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ka raka shi asibiti. Ita ma damuwar ana maganinta, da shawara da ƙwaya.

Kirana na ƙarshe ga malaman makaranta ne, na boko da na allo, da limamai, da masu unguwanni. Ku ake saurara. Malam, in ɗalibinka ya faɗi, yadda ka yi haka yara za su yi, in ka durƙusa ka tallafi kansa ba mai bi ta taga. Liman, minti biyu bayan sallar Magariba sun isa ka gaya wa jama'a cewa yawun ba ya kama kowa. Kai kuma mai saurarona, in akwai wanda aka ɓoye a ƙuryar ɗaki a gidanku saboda wannan ciwo, ka ɗauke shi ka kai shi asibiti cikin makon nan, ku tafi da wanda ya taɓa ganin faɗuwar da idonsa.